In Photoshop ko Corel na rufe maka kana tsakiyar aiki: matakan da nake bi kafin a kai ga format

Salamu alaikum ƴan uwa masu aikin zane a ordinatar. Tun bayan ƙaramar Sallah nake shan tambaya iri ɗaya, wasu ta waya, wasu har shago suke tako ni nan wajen kasuwar Dole a Damagaram da mashin a jaka: Malam Photoshop na ce min babu memuwar, Malam Corel na fita da kansa, Malam ekaran ya yi fari fat an rubuta Ne répond pas a sama. Kuma kusan duk wanda ya zo sai ka tarar an riga an yi wa mashin ɗin format sau ɗaya ko biyu, ya biya kuɗi, ya rasa polis, wato nau'ukan haruffan rubutu, da ya yi shekaru yana tarawa, bayan sati guda ciwon ya dawo. Na gaji da maimaita bayani baki da baki, bari in rubuta yadda nake bi a shagona. Roƙona ɗaya, a bi shi a jere, don na faro ne daga abin da ba ya cin ko dala zuwa wanda zai taɓa aljihu, kuma galibin mashinan da ke zuwa hannuna ba sa wuce mataki na huɗu.

Mashinanmu nan Damagaram kashi biyu ne, masu Ingilishi da suka shigo ta Kano da masu Faransanci, saboda haka zan riƙa faɗin sunan menu da duka biyun inda akwai bukata. Maj a kilabiyen Faransanci shi ne Shift.

1. Ceci aikin tukuna, sannan ka gane irin ciwon

In manhajar ta ƙame kada ka hau danna suri kamar mai dakan fura, kowane danni ƙarin kaya ne a kanta. Latsa Ctrl+Shift+Esc, Task Manager ko Gestionnaire des tâches zai buɗe. In ka ga diski na aiki ko furosesa na motsi, ba ta mutu ba, tana fama ne, ba ta minti biyar zuwa goma, sau da yawa tana farfaɗowa ka samu ka yi sabin. In saƙo ya fito, ɗauke shi hoto da wayarka kafin ka danna OK, don in ka zo ka ce min "wani abu dai ya rubuta" ba abin da zan iya yi maka.

Ciwon iri uku ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai wanda manhajar ke magana da bakinta, ta ce not enough RAM, wato memuwar ba ta isa ba, ko scratch disks are full wanda a Faransanci ke fitowa disques de travail saturés. Akwai wanda take ɓacewa shiru ta bar ka da Windows lafiya lau. Akwai kuma wanda mashin ɗin gaba ɗaya ke mutuwa ko ya kawo shuɗin ekaran. Na farko yawanci girman aiki ne ko cikar diski, na biyu saiti ne ko katin hoto ko polis, na uku kuwa ba laifin Photoshop ba ne sam, wuce kai tsaye mataki na 7.

In ta riga ta rufe, sake buɗe ta nan take kafin ka share komai. Photoshop kan dawo da aikin da kalmar Recovered a sunansa in ajiyar gaggawa na kunne. Corel kuma yana barin fishiye mai suna Backup_of_ a dosiyen aikinka, da wani AutoBackup_of_ wanda in ba ka canza masa wuri ba yana cikin dosiyen Temp. In fishiyen Corel ya ƙi buɗewa, buɗe sabon shafi ka shigo da shi da Ctrl+I, ya sha cetona.

Hattara: kada ka riƙa buɗe aiki kai tsaye daga kile, wato USB, kana gyara a kanta. Kwafe shi cikin mashin, ka gama, ka mayar. Kile ta ɗan motsa lokacin sabin, fishiyen ya lalace ke nan.

2. Duba girman aikin

Nan ne zan daɗe, don nan ne yawancinmu muke yanka kanmu da kanmu.

Bara wani Alhaji ya kawo aikin bandarol na walimar saukar Alƙur'ani, mita 3 a mita 1. Na bar wa yaron shagona na tafi Birni gaisuwar rasuwa. Ina dawowa na tarar da shi ya haɗa gumi, fankar mashin na kuka kamar injin niƙa, ya ce Oga sau huɗu tana fita, kuma ta ƙi yin sabin. Na duba Image Size ko Taille de l'image, sai ga 300 a wajen rezolushan, wato fiksel 300 a kowane inci. Na ce wa ya ce ka sa 300? Ya ce ai ku kuka ce aikin bugawa 300 ne. Gaskiyarsa, ni na faɗa, amma a kan katin biki nake magana.

Ga lissafin. Mita 3 a mita 1 a kan 300 na ba da fiksel 35,433 a 11,811, wato fiksel sama da miliyan 418. In CMYK ne, wato tsarin launin bugawa, kowane fiksel na cin bayit 4, ka ga shimfiɗa (layer) ɗaya tak ta kai wajen GB 1.6, ba a sa hoton Alhaji ba, ba a sa rubutu ba, kuma mashin ɗin duka RAM ɗinsa GB 8 ne har da abin da Windows ke ci. Dalilin ƙin sabin kuwa, PSD, wato fishiyen Photoshop na yau da kullum, ba ya ɗaukar abin da ya wuce fiksel 30,000 a gefe ɗaya ko nauyin GB 2, sai dai PSB, na manyan ayyuka. Da muka maida shi 100 sai ya koma 11,811 a 3,937, wajen MB 186, ya ragu ninki tara, mashin ya yi tsit. Aka buga aka rataye a ƙofar gida, ba wanda ya ga bambanci, don ba mai karanta bandarol da hancinsa a jiki.

To ƙa'idar da nake bi: katin gayyata, katin biziti, kalanda, duk abin da za a riƙe a hannu, 300. Afish na bango 150 ya isa. Bandarol da manyan alluna 72 zuwa 100, wanda za a kafa can sama bakin titi ma ƙasa da haka. Amma tambayi mai injin da zai buga maka, shi ya san abin da injinsa ke so. A Photoshop Ctrl+Alt+I ke buɗe wurin.

Hattara: ka yi ragin a kan kwafi. In ka rage ka yi sabin a kan na asali, fiksel ɗin da suka tafi ba sa dawowa.

Wani kuskure mai ban haushi, mutum na son 1080 a 1080 na Facebook sai ya bar ma'aunin a santimita maimakon fiksel. Ka nemi shafi mai faɗin kusan mita 11 ke nan ba ka sani ba, nan take za ta ce diski ya cika. Haka ma a kayan yanka hoto, duba ko px ne ko cm a gaban lambar.

Masu Corel ku ma ba ku tsira ba. Hoton waya da ka ga MB 4 ne a dosiye matsattse ne, in ya shiga manhaja warwarewa yake: mai megafiksel 12 na zama wajen MB 36, mai 50 na zama wajen MB 150. Ka zuba irin waɗannan guda ashirin a kalandar ƙungiya, kowane ka ja kusurwarsa ka ƙanƙanta shi ya dawo kamar akwatin ashana, a ido ya ragu amma nauyinsa na nan daram. Sa shi cikin PowerClip ma ɓoye shi kawai ka yi, duka hoton na ciki. Zaɓi hoton, shiga Bitmaps, Resample, ko Rééchantillonner, ka sauke shi daidai da aikin. A Illustrator kuma in za ka shigo da hoto bar alamar Link a kunne maimakon cusa shi cikin fishiyen, sannan in zane ya yi nauyi Ctrl+Y na maida shi zallan layi ka samu ka motsa. Sai dai in za ka kai aikin wani wuri ka haɗa da hotunan, in ba haka ba ka isa wajen bugawa ka tarar da ramuka.

3. Buɗa wa diski C wuri

Ka ɗauki RAM kamar teburin tela. In shaddar ta fi teburin, sai ya zubo sauran a tabarma, tabarmar nan ita ce scratch disk, wato wurin da Photoshop ke arowa a diski. In ɗakin ma cike yake da buhuna ina zai sa? Shi ya sa ƙara RAM ba ya kashe wannan saƙon in C ya yi ja.

Buɗe This PC ko Ce PC ka duba. Ni ba na yarda C ya sauka ƙasa da GB 20 a sarari, in aikin bandarol ne ma 50. Kwashe bidiyon biki da tsofaffin ayyukan kiliyan daga Desktop da Downloads, duka a C suke zaune, kai su D ko diskin waje, ka zubar da kwandon shara. Sannan rufe manhajojin zane duka, latsa Windows+R, rubuta %temp%, Enter. Za ka ga fishiye masu suna Photoshop Temp da lambobi a gaba, ragowar lokutan da ta faɗi ne, wani ɗaya sai ya kai GB da yawa. Share su, wanda ya ƙi sharuwa ka tsallake shi. Ka ƙara da cleanmgr ta wannan hanyar ta Windows+R.

Hattara: kafin ka share Temp, tuna AutoBackup_of_ na Corel da na ambata. Nemo naka ka fitar tukuna.

In kana da D mai sarari, shiga Edit, Preferences, Scratch Disks, ko Édition, Préférences, Disques de travail, ka sa masa alama. In ma Photoshop ta ƙi buɗewa saboda cikar, riƙe Ctrl+Alt daidai lokacin da take tashi, za ta tambaye ka diskin da kake so. Kada ka ba ta kile ko tsohon diskin waje mai lallausar waya.

4. Gyara rabon memuwar

Cikin Preferences, Performance, za ka ga Photoshop ta zo da kashi 70 na RAM. Za ka iya ɗagawa zuwa 80 in ita kaɗai kake buɗewa, amma kada ka wuce 85. Na sha ganin masu kai shi 100 suna ganin dabara ce, sai Windows ya rasa wurin numfashi komai ya ƙame tare. A nan gefe akwai History States, États d'historique, yana kan 50, sauke shi zuwa 20 in mashin ɗin ƙarami ne. Sai ka rufe ka sake buɗewa kafin ya kama. A Corel ma akwai adadin komawa baya cikin Tools, Options, rage shi.

Kana tsakiyar aiki ta fara nauyi, Edit, Purge, All, a Faransanci Purger, Tout, na sauke mata kaya nan take.

Hattara: Purge na goge tarihin aikin, Ctrl+Z ba zai maido ka baya ba. Yi sabin kafin nan.

Koma Task Manager ka jera abubuwa bisa memuwar, ka ga masu cin abincin. Yawanci Chrome ne da shafi goma sha biyar, ga WhatsApp a buɗe ana jiran kiliyan ya turo hoto, ga Corel da Photoshop tare. Rufe abin da ba ka bukata, ka shiga Startup ko Démarrage ka hana tarkace tashi da mashin. Kuma ka riƙa yin Restart, Redémarrer, ba rufe murfi kawai ba. A Windows 10 da 11 ko Shut down ba ya wanke memuwar sarai saboda saurin tashi da aka sa masa, Restart ne ke yi.

Abu na ƙarshe a nan, akwai masu kallon bidiyon "ƙara wa mashin gudu" su je su kashe virtual memory, wato wurin da Windows ke arowa a diski in RAM ya cika. Windows+R, sysdm.cpl, Advanced, Settings na Performance, Advanced kuma, sai Change. Maida alamar nan ta sama da ke barin Windows ya kula da shi da kansa.

5. In tana ɓacewa ba sallama

Abu uku nake gwadawa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba, don in ta warke in san wanne ne.

Na farko katin hoto. A Performance ɗin nan cire alamar Use Graphics Processor, Utiliser le processeur graphique, ka sake buɗewa ka yi aiki yini guda. In ta daina faɗuwa to direban katin ne, sauko da sabo daga shafin kamfanin mashin ɗinka ko na Intel, NVIDIA ko AMD, ba daga manhajojin nan masu alkawarin sabunta direba duka a danni ɗaya ba.

Na biyu maida saiti yadda ya zo. Photoshop da Illustrator: riƙe Ctrl+Alt+Shift tana tashi, Photoshop za ta tambaye ka, ka ce eh. Corel: riƙe F8 yana tashi. Hattara, wannan na tafiya da gajerun hanyoyin da ka tsara da yadda ka jera kayan aikinka, kuma buroshi da actions, wato jerin matakan aiki da ka naɗa, da ba ka adana ba na iya bin ruwa, fitar da su tukuna. Saitin mataki na 3 da na 4 ma sai ka sake su.

Na uku polis, ba masu kaki ba, haruffa nake nufi. Mu nan akwai al'adar a ba ka kile mai polis dubu uku ka zuba duka. Guda ɗaya lalatacce ya isa ya riƙa kayar da manhaja duk sanda ka taɓa kayan rubutu. In faɗuwar na zuwa ne daidai lokacin da ka buɗe jerin haruffa ko ka fara rubutu, cire waɗanda ka sa kwanan nan, musamman na Larabci masu ado da ake tura wa juna don katin Maulidi da walima, ka riƙa maido su kaɗan kaɗan har ka kama ɓarawon. Kada ka taɓa waɗanda suka zo da Windows.

In kana son ganin ranar da abin ya fara, Windows+R, perfmon /rel. Zai nuna maka jan alama a kowace ranar da wani abu ya faɗi, da abin da aka sa a mashin a ranakun.

6. Tsohuwar manhaja da ta bayan fage

Manhaja mai 32 bit ba ta iya cin fiye da GB 2 zuwa 4 ko da mashin na da 16. Corel X3 da har yanzu wasu ke riƙe da shi kamar gadon kaka 32 ne, sai daga X6 aka fara samun 64. Photoshop CS6 kuma kan sa duka biyun, duba ka buɗe wanda aka rubuta 64 Bit a sunansa. In Windows ɗin kansa 32 ne, bai ma ganin abin da ya wuce GB 3 da ɗoriya, duba a Settings, System, About.

Maganar fasassun manhajoji kuwa, kowa ya san halin da ake ciki, amma gaskiya ɗaya ce: wadda aka fasa ba ta samun gyaran kamfani, wata na zuwa da ƙwayar cuta mai cinye memuwar a ɓoye, kuma in ita ce ke faɗuwa ba saitin da zai tsayar da ita. In kuɗin lasisi ya yi nauyi akwai GIMP da Inkscape da Krita, kyauta suke halak malak, Inkscape na yin aikin tambari da rubutun bandarol ba laifi.

7. Zafi, ƙura da kuran

In mashin na mutuwa ɗif gaba ɗaya, musamman da rana tsaka a watan Afrilu da Mayu da zafin garin nan ke haura 40, zafi ne. Sa HWMonitor, kyauta ne, ka duba kana aiki. In furosesa na kaiwa 95 zuwa 100, kare kansa yake ta hanyar rage gudu ko kashewa. Ɗaga bayan mashin iska ta shiga, daina ɗora shi a katifa ko darduma. Bayan hunturu kuwa wajibi ne a buɗe a share, ranar da na buɗe nawa abin da na ciro a bakin fanka kamar audugar matashi, ja wur da ƙurar Damagaram. In za a hura masa iska a riƙe fankar kada ta yi ta juyawa, kuma in ya shekara biyu uku a sa mai gyara ya canza man nan mai toka da ke kan furosesa. Wannan ne kuɗin farko da za ka kashe, kuma shi ne mafi araha.

Kuran kuma in ya ɗauke ana cikin sabin, fishiyen na iya lalacewa har ya riƙa kayar da manhajar duk sanda aka buɗe shi. Mai babban ordinatar na tebur ya nemi ondilar, ko ƙarami ne da zai ba shi minti biyar ya adana ya kashe. Mai fotabul da batirinsa ya mutu shi ma a wannan layin yake. Sannan a File Handling, Gestion des fichiers, maida ajiyar gaggawa daga minti 10 zuwa 5, kuma babban aiki ka riƙa ajiye shi da lamba, walima1, walima2, in ɗaya ya lalace ka koma na baya.

8. Gwada RAM da diski, sannan ka sayi abin da ya dace

Sai yanzu muka zo maganar saye. Shuɗin ekaran mai rubutun MEMORY_MANAGEMENT, ko faɗuwar manhajoji barkatai ba zane kaɗai ba, na nuna RAM ɗin kansa. Windows+R, mdsched, ka bar shi ya sake tashi ya yi gwaji. In ya nuna matsala kuma baret ɗin RAM biyu ne a ciki, kashe mashin, zare caja, cire batir in mai ciruwa ne, ka gwada su ɗaya ɗaya. Wani lokaci ƙura ce kawai, a goge haƙoran zinariyar a hankali da abin goge fensir a mayar ya zauna daidai. Diski kuma CrystalDiskInfo zai gaya maka, in ya nuna ruwan ɗorawa ko ja kwashe ayyukanka a ranar, kada ka ce sai gobe.

In duka lafiya suke amma kana aiki Task Manager na nuna memuwar kullum sama da kashi 90, to lallai ƙari kake bukata. Sabuwar Photoshop GB 8 ne mafi ƙarancin abin da take nema, 16 ake so. Amma in har yanzu tsohon diski mai juyawa ne a mashin ɗin, ni SSD, wato diski mai sauri marar juyawa, nake fara sa mutum ya saya kafin RAM, don tabarmar telan nan a kansa take, bambancin kuwa sai ka rantse an canza maka mashin.

Hattara wajen saye: sa CPU-Z ka ga irin naka, kuma ka duba ko akwai ramin ƙari, wasu siraran fotabul RAM ɗinsu a like yake ba ya ƙaruwa. DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, kada a danna da ƙarfi. DDR3 da DDR3L kuwa suna shiga rami ɗaya amma wutarsu ta bambanta, 1.5 da 1.35, mashin mai son L in ka sa masa ɗayan yana iya ƙin tashi. Farashi na bin canjin naira da sefa tunda galibin kayan ta Kano suke zuwa, saboda haka taya shago biyu uku, ka tafi da mashin ɗin a sa a gabanka, ka yi mdsched a wurin kafin ka miƙa kuɗi, ka kuma yi sharaɗin canji in ya ba da matsala cikin sati.

In ka bi duk wannan bai yi ba, to a yi format ɗin. Amma kafin ka miƙa mashin kwashe Desktop da Documents da Downloads, fitar da buroshi da actions, ka kwafe dosiyen C:\Windows\Fonts da kuma ɗayan da ke ɓoye, rubuta %localappdata%\Microsoft\Windows\Fonts a Windows+R zai kai ka, don polis ɗin da ka sa da kanka a Windows 10 da 11 sau da yawa can suke. Ka ce wa mai gyaran 64 bit kake so, kuma kada ya raba diskin ya bar wa C ɗan mitsitsin wuri.